Zaren da Na Ɓoye a Fiffiken Jirgin Yayana

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon nazari kafin su dawo. Amma watanni biyar ɗin da na yi ina yawo a cikin Makka da maganar wani zare a ƙirjina, su kam ba na jin zan manta da su har in koma ga Mahaliccina.

A unguwar Misfala ta nan Makka aka haife ni, a nan na girma. Kakanmu ne ya taho daga Kano ta hanyar Sudan don ya sauke farali, bai sake komawa ba. Sana'ata ɗinki, abaya da labule, idan lokacin Hajji ya matso kuma nakan karɓi gyaran tantuna. Yayana, wanda nake bi, makanikin manyan motocin alhazai ne. Tun muna yara shi dai jirgin sama. A hutunsa na shekara-shekara ya riƙa zuwa koyon tuƙin ƙananan jirage har ya samu takardarsa, mu kuwa muna ɗauka abin zai tsaya nan.

Wata rana muna cin abincin rana ya ɗago kai ya ce ya sayi jirgi.

Umma ta ajiye cokali. "Jirgi kamar yaya?"

"Ƙarami ne, Umma, mai kujera biyu. A akwatuna zai zo, ni zan haɗa abina."

"Wato kai za ka ƙera shi, kuma kai za ka hau?"

"In sha Allah."

Abincin nan dai ba ta ƙarasa shi ba.

Akwatunan suka iso ta Jidda, dogaye na katako. Wani abokinsa ya ara masa rabin siton da yake da shi a kan hanyar Arfa, wanda ba ya cika sai lokacin aikin Hajji. A Makka dai ba mai tashin irin wannan jirgi, don haka shirin shi ne idan an gama a cire fikafikan, a ɗora komai a babbar mota, a kai wani ƙaramin fili can cikin sahara inda masu wannan sha'awa suke haɗuwa.

Shekara biyu ya yi yana ɗaure-ɗaure. Yaya dogo ne, da ya gwada zama sai gwiwarsa ta tokare, dole a ja kujera baya. Ni da nake kallo na ɗauka aikin rabin yini ne. Ina! Sai da ya rubuta wa kamfanin da ya yi kayan, ya jira amsa, ya ɗora jirgin a kan sikeli uku ya auna, sannan ya taɓa noti ɗaya. Haka da ya ga zafin ƙasar nan ya fi ƙarfin abin sanyaya man injin, ya canja shi da babba, shi ma sai da aka yi ta aike-aiken hotuna. Har tsiya nake yi masa, in ce ko alƙali bai kai shi son takarda ba.

Sai aka zo kan fikafikai. Mutane da yawa ba su san cewa irin waɗannan jirage da yadi ake rufe su ba. Fiffiken kafin a rufe shi kamar haƙarƙarin rago yake, ƙasusuwa a jere. Ana shimfiɗa yadin a manna da gam, a bi shi da dutsen guga har ya ɗame, sannan a ɗinke shi a jikin kowane haƙarƙari da wata basilla mai tsawon kamu biyu, ana ƙullawa bayan kowane ɗan taƙi. Zaren nasu ne na musamman, mai faɗi, mai kaki, a cikin akwatin ya zo. Yaya ya gwada da manyan yatsunsa, abin ya ƙi. Ran nan ya shigo shagona yana sosa ƙeya.

"Ƙanwata, aiki ya zo gidanku."

Wallahi na ji daɗi. Na zauna da littafin bayanin, na kalli hotunan ƙullin, kwana biyu na iya shi. Fiffiken dama na farke wurare da dama na sake, don ina son ya fita tsaf, kuma a nan na yi ɓarnar zare ban lura ba.

Ina tsakiyar na hagu Hajji ya kawo kai. Motoci suka haɗiye Yaya, yau yana Muzdalifa gobe yana Arfa, sai a yi mako ba mu sa shi a ido ba. Ni kaɗai nake zuwa siton, wani lokaci matarsa ta raka ni. Saura haƙarƙari huɗu, na can wajen ƙarshen fiffike, zare ya ƙare. Na buga masa waya, ina jin rurin injina a bayansa.

"Halas, shi ke nan, bar shi haka," ya ce da ƙarfi. "Zan sa a aiko da wani. Zai yi mako shida. Ki rufe da leda ki tafi gida."

Ni kuwa halina ne tun ina yarinya, ba na iya kallon aikin da ba a gama ba. Ga mai siton ya fara shigo da katan-katan na ruwa, ma'aikata na kai da kawo, ƙura na tashi. Ga kuma wani abu da sai yanzu nake iya kiran sunansa, wato girman kai. Na ce a raina, inji na Yaya ne, noti nasa ne, amma zare ai nawa ne. Shekara ashirin ina cin abinci da zare, wani Bature a ƙasar da ko tanti ba su sani ba zai koya mini ƙarfinsa? Na gangara shagon da nake sayen kayan tantuna a Misfala, na zaɓi fari mai ƙarfi, na ja shi da hannu biyu bai tsinke ba. Na goga masa kyandir don ya yi kama da wancan. Yini ɗaya na gama haƙarƙari huɗun, na bi su da ƙyallen da ake mannawa a kan ɗinki. Ba abin da ido zai gani.

Da Yaya ya dawo, ya rame ya yi baƙi, ya tarar da fiffike a gama.

"A'a! Ina kika samu zare?"

A nan ne ya kamata in faɗa. Da faɗa kawai zai yi, ya sa in farke, shi ke nan. Amma yadda fuskarsa ta washe bayan wahalar makonni, sai na ji bakina ya ce, "Akwai saura a ƙasan akwati, ban gani ba da farko."

"Ma sha Allah," ya ce. Bai ƙara tambaya ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Aka yi fenti, shafi a kan shafi, na azurfa mai tare rana, sannan fari da layin kore. Wani dattijon injiniya mai duba irin waɗannan jirage ya zo ya yini. Ya ƙwanƙwasa yadin yana saurare, ya zura ɗan madubi ta ƙofofin da ake bari don leƙen ciki. Ƙofofin suna kusa da gangar jirgin, nesa da haƙarƙarina huɗu. Ya tambayi wanda ya yi ɗinkin, Yaya ya nuna ni yana murmushi, dattijon ya ce ya daɗe bai ga hannu mai tsabta haka ba. Ya sa hannu a takarda. Na koma gida ina gaya wa kaina, to ga shi masani ma ya yaba.

Da haka na lallaɓa zuciyata har wata uku. Abin da ya tayar da ni ba a siton ya faru ba, a saman gidanmu ne. Ragowar zaren tantin nan na ɗinka wa Umma rumfar tamfol da shi, inda take shan iska da yamma. Wata la'asar iska ta ɗan taso, sai muka ji ɓarrr, gefe guda ya buɗe. Na hau kujera in duba. Ƙulle-ƙullen sun zame, zaren kuwa da na murza shi a yatsa sai ya marmashe. Umma tana cewa in sauko kar in faɗi, ni kuwa ina ta kallon zaren a hannuna. Ba rumfar nake gani ba.

Daga ranar zama ya ƙare mini. In ina shago in ji kamar ana kirana a gida, in na je gida in ji ba zan iya zama ba sai na koma shago. Na ɗinka wa wata mata hannun abaya a juye, abin da ko ina koyo ban yi ba. Abinci in ɗebi loma biyu in ture. Sai in tari mota in tafi siton ba tare da wani dalili ba, in tsaya a gaban fiffiken hagu ina danna shi da babban yatsa. Yana nan a ɗame, yana sheƙi. In ce wa kaina, ai rana ce ta cinye na rumfa, wannan kuwa yana ciki, ga fentin azurfa. Kafin in kai bakin titi wata zuciyar ta ce, to ƙullin da ya zame fa, shi ma rana ce?

Na riƙa zuwa Harami kusan kullum. Abin kunyar da zan faɗa shi ne addu'ar da nake yi. Ban roƙi ƙarfin halin faɗar gaskiya ba. Roƙo nake Allah ya kawo wani dalili da zai hana tafiyar, takarda ta maƙale, ko injin ya ƙi tashi, ko Yaya ya wayi gari ya ji jirgin ya fita daga ransa. Ina ɗawafi ina tsara wa Ubangiji hanyoyin da zai fitar da ni ba tare da an san abin da na yi ba.

Wata rana muna shan shayi na daure na tambaye shi, kamar da wasa, "Yaya, wai idan ɗinki ya saki a sama, me zai faru?"

Ya gyara zama, don yana son a tambaye shi irin wannan. Ya ɗauki hankici ya shimfiɗa a bayan hannunsa. "Kin ga, mutane suna zaton iska daga ƙasa take tura fiffike. Mafi yawa daga sama take tsotsarsa. Yadin nan ji yake kamar ana fizgarsa. In ɗinki ya saki, sai ya kumbura haka," ya ɗaga tsakiyar hankicin, "sai ya yage. Fiffike ɗaya na ɗauka, ɗaya ba ya ɗauka, sai jirgi ya juya." Ya kifar da hannun. Sannan ya yi dariya. "Amma wannan ai matsalar masu ɗinkin banza ce, ba tamu ba."

Na ce shayin ya ƙona ni, na tashi.

Aka sa ranar tafiya da jirgin. Saura kwana biyu Umma ta kira ni ɗakinta tana ninke kaya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kin san ban taɓa son jirgin nan ba. Ban sa masa albarka ba sai da na ga hannunki a ciki. Shi yana da rawar kai, ke kuwa ba kya aikin ha'inci. Shi ya sa hankalina ya ɗan kwanta."

Na ce, "Allah ya tsare, Umma," na fita da sauri kafin ta ga idona.

Ranar da za a loda, da hantsi, babbar mota ta ja ta tsaya a ƙofar siton. Abokansa uku sun zo, matarsa ta yi guzuri a kuloli, 'ya'yansa mata biyu suna ta ɗaukar hoto. Aka ɗora gangar jirgin aka ɗaure. Aka ɗauki fiffiken dama, aka shimfiɗa a kan katifu. Da mutum huɗu suka sunkuya suka ɗaga na hagu, ban san lokacin da murya ta fita daga bakina ba.

"Ku ajiye shi."

Suka tsaya da shi a hannu suna kallona. Yaya ya ce da Larabci, "Lafiya? Me ya faru?"

Na amsa masa da Hausa, don a cikin mazan nan ba mai jinta sai shi. A gidanmu dama haka ne, hira da Larabci, amma maganar da ta shafi cikin gida da Hausa ake yinta. Yana jin na juya harshe fuskarsa ta canja.

"Yaya, zaren nan ba na akwati ba ne. Ƙarya na yi maka. A kasuwa na saya, na tanti ne."

Bai yi ihu ba, kuma da ihun ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya yi wa mutanen alama suka mayar da fiffiken kan ƙafafun katakon da ake ɗora shi a kai.

"Guda nawa?"

"Huɗu."

"Nuna mini."

Na nuna. Ya fita ya sallami direban, ya ba abokansa haƙuri ya ce an samu matsala a fiffike, bai ce wace iri ba. Matarsa, wadda ta ji komai, ta kwashi 'ya'yanta ta koma mota. Ya dawo da reza a hannu ya miƙo mini.

"Ke kika ɗinka. Buɗe."

Na tsaga fentin da muka yi makonni muna shafawa. Na ɓare ƙyallen. Zaren yana nan fari tas, kamar jiya na sa shi. Wani abu ya taso mini, rabi sauƙi rabi haushi, har na fara cewa, "Ka ga ai bai..." Ya ɗaga mini hannu. Ya lanƙwasa wata 'yar waya ya saƙala a ƙulli na farko ya ja. Ya riƙe. Na biyu ma ya riƙe. Na uku kuwa sai ya sulale kamar tazugen wando, na kusa da shi ya biyo, yadin ya ɗago daga jikin haƙarƙarin har ana iya zura hannu. Kuma ba wani ja mai ƙarfi ya yi ba.

Ya nemi wata jarka ya zauna a kai.

"Kuskuren zare kowa zai iya yi," ya ce a hankali. "Amma wata biyar, ƙanwata. Wata biyar muna sa hannu a kwano ɗaya, kina kallona ina lissafin ranar tashi."

Kuka ma sai da na kai gida ya zo.

Shi da kansa ya kira dattijon injiniyan ya gaya masa, aka soke sa hannun. Ya yaye yadin fiffiken hagu gaba ɗaya. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da ya buɗe na daman ma, wanda na san ba abin da ke cikinsa sai aiki mai kyau. Na ce masa wallahi wannan lafiyarsa lau. Ya ce, "Na ji. Amma wancan ma haka kika ce." Matarsa ta yi kusan wata biyu ba ta shigo sashenmu ba, kuma ban ga laifinta ba. Umma ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Da na durƙusa na gaya mata, sai ta ce, "Alhamdu lillahi da bakinki ya buɗe," ta ci gaba da jan carbinta. Shi kuwa Yaya gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sai wata safiya na ɗago daga kan keken ɗinki na gan shi tsaye a ƙofar shago. Ya ajiye basillar nan a kan teburina.

"Na je Jidda na ga aikin wani. Bai kai naki ba. Za ki zo ki sake. Amma wannan karon ina zaune a wurin."

Haka aka yi. Fikafikai biyu, ƙulli bayan ƙulli, yana kan kujera a gefena yana kallon yatsuna, kowane haƙarƙari na gama sai ya ɗauki hoto. Mace mai shekara arba'in da wani abu ana tsaron ta kamar sabuwar 'yar koyo. Ya yi mini zafi, amma na daure, don ni na saya wa kaina. Wajen ƙarshen fiffike na biyu ne ya fara ba ni labarin wani direba da ya zuba ruwa a tankin mai, muka yi dariya tare, karo na farko tun ranar.

Sai bayan fiye da rabin shekara jirgin ya tashi. Umma ta ƙi zuwa, ta ce ita tana kan sallaya har a bugo mata waya. Da sassafe ne, filin ba kowa sai mu da wasu masu jirage 'yan kaɗan. Farfela ta juya, jirgin ya ruga a kan titin yana ƙara ƙanƙanta, sai na ga haske tsakanin tayoyinsa da ƙasa. Kowa na kabbara, ni kuwa idona na kan fiffiken hagu har ya zama ɗigo. Ya yi kewaye uku ya sauko. Da ya fito, 'ya'yansa suka rungume shi. Ya zagaya ya shafa fikafikan da tafin hannu daga tushe har ƙarshe, sannan ya waiwayo ya nemo ni a bayan mutane.

"Ya riƙe," ya ce. "Kira Umma."

Shekaru sun wuce yanzu, jirgin yana nan, har ya taɓa ɗaukata sau ɗaya, na rufe ido rabin tafiyar. Abin da na koya shi ne, gwanintar mutum ita ce ta fi saurin ruɗinsa. Da ban iya ɗinki ba, da ban yi gangancin canja abin da aka ce kar a canja ba. Na kuma gane cewa gaskiyar da aka jinkirta kullum ƙara tsada take yi, wadda da farko kalma biyu za ta biya, daga baya sai ta ci amanar shekaru. Tun daga lokacin, duk aikin da wani zai dogara da shi, in abin da ya dace ya ƙare mini, ajiyewa nake in gaya wa mai shi a ranar, ko da zai ɓata rai. Na yarda a ce mini mai jinkiri. Ban yarda in sake kallon wani yana yi mini godiya a kan abin da na san na ɓoye masa ba.